Tarihin Kwatan Inci: Yadda Rarar Ɗinki Ta Zama Doka a Bargon Haɗi



A wannan makon za mu bi sawun wani ɗan ƙaramin awo ne: kwatan inci, wato milimita 6.35. Bai cika kaurin fensir ba. Amma a Amurka, duk wadda ta shiga ajin koyon ɗinkin bargon haɗi, shi ne karatun farko da za a biya mata, kuma da shi za ta yi ta fama har hannunta ya faɗa. An ƙera wa keken ɗinki ƙafa ta musamman saboda shi, an zana rula saboda shi, littattafan sana'ar kuma da shi suke lissafi. Wanda ya tarar da abin a haka zai ɗauka tun fil azal haka yake. Alhali matan da suka ɗinka barguna masu ban mamaki shekara 200 ko 300 da suka wuce ba su damu da faɗin wannan rara ba. To, a ina suke ajiye awonsu, kuma me ya faru har awon ya dawo bakin yadi? Abin da za mu bi ke nan.

MENE NE RARAR ƊINKI?

Bargon haɗi shi ne abin da masu jin Turanci ke kira kwilt. Hawa uku ne: fuska a sama, ciko na auduga ko ulu a tsakiya, sai shafi a ƙasa, sannan a bi su da ɗinki a game su wuri guda. Duk wanda ya taɓa duba lifidin doki da kyau ranar hawan salla ya ga irin wannan aiki, yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakani, ɗinki ya ratsa su. Mu fuskar ce ta dame mu yau. Ana yin ta ne da ƙyallaye da aka yayyanka, wasu murabba'i, wasu alwatika, wasu masu kusurwa shida. A haɗa ƙyallayen su ba da gida ɗaya mai zane, a yi gidaje da yawa, a jera su kamar gidajen dara, a ɗinke.

Duk inda ƙyalle biyu suka haɗu, ba a bin bakin yadi da allura. Yadin da almakashi ya ratsa, bakinsa zarewa yake yi, don haka ana ɗan shiga ciki kafin a ɗinka. Wannan ɗan sararin da ke tsakanin layin zare da bakin yadi shi ne rarar ɗinki. Idan aka buɗe ƙyallayen aka goge, rarar tana kwanciya ta baya, babu mai ƙara ganinta. Masaƙanmu na gargajiya sun huta da wannan lissafi, domin zugu da saƙi suna fitowa daga masaƙa da bakinsu a kammale, sai dai a gama baki da baki a ɗinke. Yankakken yadi ne ke neman rara.

Mai ɗinkin tufafi yakan bar rara mai faɗi. Samfuran ɗinkin riga na Amurka 5/8 na inci suke bari, kimanin santimita ɗaya da rabi, don ko mai riga ya yi ƙiba a iya buɗa masa. Riga kuma ɗinkinta kaɗan ne, in an ɗan kauce ba wanda zai lura. Bargon haɗi yana iya ɗaukar ɗinki ɗaruruwa ko dubbai. Mu ɗauka mai ɗinki ta wuce awo da milimita 1 kacal. Tunda ƙyalle biyu ne a ƙarƙashin allura, kowane ɗinki ya ci milimita 2 ke nan. Idan jeri ɗaya yana da ɗinki 30, an yi asarar santimita 6. Wannan ma da sauƙi, in bargon ne kawai zai ɗan tsuke. Rigimar tana fitowa idan gidajen ba su da yawan ɗinki ɗaya. Gidan da aka raba uku, ɗinki 2 ne a faɗinsa, zai rasa milimita 4. Maƙwabcinsa da aka raba shida, ɗinki 5 ne, zai rasa milimita 10. An yanke su don su zo daidai, ga shi yanzu milimita 6 ta raba su. Sai ka ga kusurwa ta kauce wa kusurwa, tsinin tauraro ya gutsure, bargo ya ƙi kwanciya a kan gado. Hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

ZAMANIN TAKARDA

A Ingila, hanyar da ta shahara a ƙarni na 18 da farkon na 19 ita ce ɗinki a kan takarda. Mai ɗinki za ta yanka takarda daidai girman siffar da take so ta fito a fuskar bargo, ba ƙari ba ragi. Sai ta ɗora ta a kan ƙyalle, ta yanka ƙyallen da ɗan rara a kewaye, ta naɗo rarar ta lulluɓe bakin takardar, ta kama da ɗinkin wucin gadi. Idan ta tara irin waɗannan, sai ta ɗauki biyu ta haɗa su fuska da fuska, ta bi bakin naɗin da ƙananan ɗinki. A wannan hanya, ko rarar ta yi faɗi a nan ta tsuke a can, babu abin da zai taɓa zanen, domin takardar ce ke riƙe da awo.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan haɗi masu ɗauke da shekararsu a Birtaniya shi ne wani mayafin gado na siliki da aka ɗinka wa 1718 a jikinsa, tare da haruffa biyu, E da H. Ƙungiyar masu ɗinkin bargo ta Birtaniya, mai mazauni a birnin York, ta saye shi a gwanjo a shekarar 2000. A kan takarda aka haɗa shi, kuma har yau takardun suna ciki, ba a zare su ba.

Takarda a wancan zamani abu ne mai tsada. Da tsummoki ake yin ta, ga haraji a kanta wanda sai a 1861 aka soke shi. Saboda haka tsofaffin wasiƙu, da littattafan koyon rubutu na yara, da takardun lissafin kanti, da jaridu, su ake yankawa. Wannan ya zame wa masu binciken tarihi garaɓasa. Idan aka leƙa bayan mayafi aka ga guntun jarida mai kwanan wata, an san ba a ɗinka wannan wurin kafin ranar ba.

Mu marubuta muna da 'yar uwa a wannan sana'a. A ƙarshen watan Mayu na 1811, Jane Austen ta rubuta wa yayarta Cassandra wasiƙa daga ƙauyen Chawton, tana tambayarta ko ta tuna ta tattaro musu ƙyallaye, domin aikin haɗinsu ya tsaya. A shekarar ce littafinta na farko, Sense and Sensibility, ya fito. Mayafin gadon da ake dangantawa da ita da yayarta da mahaifiyarsu yana nan a gidan nasu na Chawton, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Ƙyallayensa masu kusurwa huɗu ne a karkace, irin yankan da ke ratsa saƙar yadi a gicciye. Duk tela ya san yadin da aka yanka a gicciye miƙewa yake yi da an ɗan ja shi. Takardar da ke ciki ce ke hana shi miƙewa har a gama ɗinki.

Hanyar ta ƙetare teku. A watan Janairu na 1835, mujallar mata ta Godey's Lady's Book da ke fitowa a Philadelphia ta buga bayanin yadda ake haɗa ƙyallaye masu kusurwa shida a kan takarda, irin zanen saƙar zuma.

ZAMANIN LAYIN FENSIR

Sai dai matan Amurka wata hanya suka fi bi. Injin gurzar auduga na Eli Whitney ya fito a 1793, gonakin auduga suka bazu a kudancin ƙasar da gumin bayi baƙaƙen fata, masaƙun zamani kuma suka tashi a arewa, irin na garin Lowell a jihar Massachusetts da suka fara aiki a 1823. Yadin auduga mai zane ya yi araha. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19, salon gida-gida ya kankama: a ɗinka gida ɗaya a ajiye, gobe a ƙara wani, sai sun taru a haɗa. Aiki ne da mace za ta iya ɗauka a kwando ta yi a duk inda ta samu sarari.

Naɗa takarda a kowane ƙyalle yana cin lokaci, don haka aka taƙaita. Mai ɗinki za ta yanka samfuri na kwali ko na gwangwani daidai girman siffar, ta ɗora a bayan yadi, ta zagaye shi da fensir. Sai ta yanka a wajen layin, ta bar rara da ƙiyasin ido. Wajen haɗawa, za ta soka fil ta daidaita layin ƙyallen sama da na ƙasa, ta bi layin da allura. Awo ya tashi daga takarda ya koma layin fensir. Rara har yanzu 'yar rakiya ce, shi ya sa idan aka juya tsofaffin bargunan wancan ƙarni akan tarar da ita ta bambanta daga ƙyalle zuwa ƙyalle, da yawa ma ba ta kai kwatan inci ba, amma ta gaba kusurwoyi sun haɗu cif.

Wanda yake son ya ga iyakar abin da hannu da allura suka iya, ya nemi hoton bargon Jane Stickle, wata mata ta garin Shaftsbury a jihar Vermont. Gidaje 169 ne, jeri 13 sau 13, kowanne kimanin inci 5, kuma zanensu iri-iri ne. Ta kewaye su da dogayen alwatika 52 da ƙyallayen kusurwa 4. A kusurwa ɗaya ta ɗinka sunanta, da shekarar 1863, da bayanin cewa lokacin yaƙi ne, da adadin ƙyallayen: 5,602. Bargon yana gidan tarihin Bennington, kuma 'yan makonni kawai ake fito da shi a shekara don kada haske ya lalata shi.

Yaƙin da ta ambata shi ne yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. A lokacinsa ƙungiyoyin mata na arewa sun yi ta ɗinka barguna dogaye marasa faɗi, daidai gadon asibitin soja, suna aikawa ta hannun hukumar agaji ta Sanitary Commission. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma a ɗinkin haɗi shi ke tona asirin awo. Idan mata 20 kowace ta ɗinko gida a ɗakinta, da kwalinta da fensirinta, ranar haɗawa za a ga wannan ya ɗara wancan. Wasu matan yankin New England, musamman jihar Maine, suka samo dabara: kowace ta gama gidanta gaba ɗaya, da cikonsa da shafinsa, ta kalmashe bakinsa da ƙyalle, sannan a zo a gama baki da baki a ɗinke. Kusan yadda ake haɗa zugu ke nan.

KEKE DA JARIDA

Elias Howe ya yi rajistar kekensa na ɗinki a 1846, Isaac Singer ya yi tasa a 1851. Daga 1856 kamfanin Singer ya fara sayar da keke a biya da kaɗan-kaɗan, abin da ya shigar da shi gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Keke ya zo da sauri, ya kuma zo da sabuwar matsala. Mai ɗinkin hannu tana iya juya aikinta bayan kowane ɗan ɗinki ta duba ko allurar tana kan layin baya. A keke, ƙyallen ƙasa ya ɓuya, ƙafar keke ta danne na sama, allura kuma ba ta jira. Abin da ya fi sauƙi shi ne a daidaita bakin ƙyallayen biyu, a jingina su da gefen ƙafar keke, a taka. Da zarar an yi haka, faɗin rara ya fara shiga lissafi, domin yanzu daga bakin yadi ake auna inda zare zai bi. Ƙafar kowane keke kuma da nata faɗin.

Jarida ta ƙara nata. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Ladies Art Company na birnin St. Louis yake sayar da samfuran gidaje ta gidan waya. A 1928 jaridar Kansas City Star ta fara buga samfurin bargo a kai a kai, da zanen Ruby McKim, ba ta daina ba sai 1961, bayan ta buga fiye da 1,000. Mata suna yankewa suna adanawa, suna musaya da 'yan uwa. Da yawa daga cikin samfuran wancan zamani siffar da za ta fito a fuskar bargo kawai suke nunawa, sai a rubuta a gefe cewa mai ɗinki ta ƙara rara da kanta. Wasu kuma sun riga sun sa rarar a cikin zanen. Wadda ba ta karanta wannan ɗan layin ba, ko dai ta ƙara rara a kan rara, ko ta yanka babu ita, yadin gaba ɗaya ya tashi a banza. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye har mata suna wanke buhunan fulawa da na abincin kaji suna ɗinki da su, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ga kuma lalacewar samfuri. Ana kwafe zanen daga jarida zuwa kwali, a zagaye shi da fensir sau ɗari ko fiye. Kowane zagaye yana ɗan cin bakin kwalin, tsininsa yana dakushewa. Ƙyalle na farko da na ɗari ba za su zama ɗaya ba. Masu lura sukan yanka kwalaye da yawa tun farko, suna jefar da wanda ya gaji.

Daidaito a wannan lokaci ya zama abin cin kuɗi. A 1933 kamfanin Sears ya shirya gasar bargo saboda babban baje kolin Chicago, barguna fiye da 24,000 suka shiga. Babbar kyautar, dala 1,000, ta tafi ga Margaret Caden ta birnin Lexington a jihar Kentucky, aka kuma miƙa bargon ga uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt. Dokar gasar ta ce sai aikin hannun mai shiga. Shekaru da yawa bayan haka, binciken Merikay Waldvogel da Barbara Brackman ya nuna wasu mata ne da ke yi mata ɗinkin kuɗi suka yi aikin.

WUƘA MAI TAYA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta ja baya, domin bargon kanti ya wadata. Ta farfaɗo ne a shekarun 1970. A 1971 gidan zane-zane na Whitney da ke New York ya rataya tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha. A 1976, bikin cikar Amurka shekara 200 da 'yanci ya tayar wa mutane da sha'awar sana'o'in kakanninsu. Sababbin masu ɗinkin da yawansu ma'aikata ne, ba su da watanni shida na zaman allura. Sauri suke nema. A 1978 Eleanor Burns ta buga ɗan littafinta mai koyar da gama bargo a yini ɗaya, ta hanyar ɗinka dogayen siraran yadi a keke ba tare da zagaye kowane ƙyalle da fensir ba.

Abin da ya kammala juyin daga Japan ya fito. Yoshio Okada na birnin Osaka, wanda a 1956 ya ƙirƙiro rezar nan da ake karya bakinta idan ya dakushe, shi ne ya kafa kamfanin OLFA. A 1979 kamfanin ya fito da wuƙa mai taya, faifan reza da ke garawa a kan yadi yana yanka. Masu ɗinkin bargo suka rungume ta. Aka haɗa ta da shimfiɗar roba da ba ta jin yanka, da rula mai kauri wadda ake ganin yadi ta cikinta. Yanzu ana iya ninka yadi hawa huɗu a yanka shi tsaf a ja ɗaya.

A nan ne rara ta tashi daga 'yar rakiya ta zama uwar tafiya. Babu takarda a cikin ƙyalle, babu layin fensir a bayansa. Littafi zai ce a yanka kaza da kaza, kuma a cikin wannan adadin an riga an sa rara. Idan mai ɗinki ba ta ɗinka daidai da rarar da marubucin littafin ya lissafa ba, babu abin da zai faɗakar da ita sai ranar haɗa gidaje. Don haka dole mai rubuta littafi, da mai ƙera rula, da mai ƙera keke, da mai ɗinki su tsaya a kan awo ɗaya. Kwatan inci, wanda dama an saba da shi, shi ya zama wannan awo.

Akwai dalilan da suka sa ya dace. Yana da faɗin da zai hana baki zarewa a wanki. Ba shi da faɗin da zai tara tudu a inda ɗinki takwas suka haɗu a tsakiyar tauraro. Ba ya cin yadi. Lissafinsa kuma mai sauƙi ne a rular inci: kwata a dama, kwata a hagu, rabin inci ke nan. Mai son murabba'in inci 2 a fuskar bargo sai ta yanka inci 2 da rabi. Shi ya sa kantunan yadi suke sayar da naɗin siraran yadi masu faɗin inci 2 da rabi, yankakku tun daga masana'anta. Alwatika tana neman fiye da haka saboda tsininta. Idan za a raba murabba'i biyu a gicciye, ana ƙara 7/8 na inci. Ainihin lissafin 0.854 yake bayarwa, aka cika shi zuwa layi mafi kusa a rula. Idan za a raba shi huɗu, ana ƙara inci 1 da kwata. Inda ake aiki da santimita kuwa, kowa ya nemi nasa: littattafan Jamus sukan yi lissafi da 0.75, na Japan da 0.7. Wadda ta yanka da awon wata ƙasa ta ɗinka da na wata, ta sayi wahala da kuɗinta.

Da aka matsa wa daidaito, sai aka lura kwatan ma ya ɗan yi yawa. Zare yana da kauri, kuma idan aka buɗe ƙyalle aka goge, yadin yana hawa kan zaren kafin ya kwanta. Wannan hawan yana cin ɗan abu a kowane ɗinki. Maganinsa shi ne a rage kwatan da kaurin zare ɗaya ko biyu. Gwajin da malaman sana'ar ke bayarwa mai sauƙi ne: a yanka sirara uku masu faɗin inci 1 da rabi, a ɗinke su gefe da gefe, a goge, a auna. Ta tsakiya ta ba da inci 1 cif, duka ukun su ba da inci 3 da rabi. In bai kai ba, a matsar da allura ko a liƙa tef a jikin keke ya zama iyaka, a sake gwadawa. Idan aka sauya zare ko yadi, a sake.

WAƊANDA BA SU BI BA

Ba kowa ya miƙa wuya ba. Mary Ellen Hopkins, wata fitacciyar malamar ɗinki daga Santa Monica a jihar California, ta riƙa koya wa ɗalibanta cewa kowace mace da awonta na kanta, wato faɗin da kekenta da hannunta suka saba bayarwa, kuma muddin ba ta sauya shi ba, gidajenta za su haɗu. Maganarta gaskiya ce idan ƙyallayen duk girmansu ɗaya ne, kuma mutum ɗaya ne ya ɗinka. Inda take tsayawa shi ne lissafin da muka yi a sama, na gida mai ɗinki 2 da mai ɗinki 5.

Sai kuma matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata da kogin Alabama ya kusan kewayewa, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Su da tsofaffin wandunan aiki da buhuna suke ɗinki, sau da yawa ba samfuri ba rula. In gefe ya gaza, a ƙara ƙyalle. In ya yi yawa, a datse. Layukansu suna karkata, kuma da gangan suke barin su haka. A 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Quilting Bee a yankin, don mata su samu kuɗin shiga. Da manyan kantuna irin Bloomingdale's na New York suka fara ba da oda, sai suka buƙaci kowane bargo ya zo daidai da ɗan uwansa, a girma da zane. Matan da suka zauna a ƙungiyar suka koyi bin awon kanti a wurin aiki, a gida kuma suka ci gaba da nasu. A 2002 aka baje bargunansu na gida a gidan zane-zane na Houston, daga nan aka kai su Whitney. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa.

ABIN DA MARUBUCI ZAI ƊAUKA

Idan muka tattara, awo ya yi ƙaura sau uku: daga takarda zuwa layin fensir, daga layi zuwa bakin yadi, daga nan kuma ya zama yarjejeniya tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Kowace ƙaura tana da abin da ya jawo ta, ko arahar yadi, ko keke, ko jarida, ko wuƙa.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga mai rubuta labari. Wanda ya sa jarumarsa tana yanka yadi da wuƙa mai taya a 1950 ya yi kuskuren shekara kusan 30. Wanda ya sa mace a Ingila ta 1811 tana auna kwatan inci a bakin ƙyalle ya ɗora mata damuwar da ba tata ba. Ita damuwarta ina za ta samu takarda da ƙyallaye. Haka abin yake idan muka zo rubuta tela, ko maƙeri, ko marini, ko mai awo a kasuwa. Kowace sana'a tana da ɗan wurin da take ajiye daidaitonta, kuma masu ita ba kasafai suke ambatonsa ba sai an tambaye su. Mai karatu da ya san sana'ar da wannan yake gane ko marubuci ya zauna da masu ita, ko daga nesa ya hango su.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya zaɓi ƙaramin awo ɗaya daga garinsu, mudu ne, ko tiya, ko kamu, ko taƙi, ko rarar da telan unguwarsu yake bari a ɗinkin kaftani. A je a tambayi dattawan sana'ar yadda ake yi a da, da yadda ake yi yanzu, da abin da ya kawo sauyin. A rubuta abin da aka ji a kalmomi 300, a sanya mana a ƙarƙashin wannan rubutu. A faɗi garin, a faɗi sana'ar, kuma duk adadin da ba a tabbatar ba a bar shi.